Bakanike ya zo gida wanke nozul, ya tafi da birenbos ɗin motata

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune a Kubwa, Abuja. Corolla tawa ta fara shan mai da fizga, sai na kira bakanike gida ya wanke nozul, wato abin da ke fesa wa inji mai. Ya ce gara a sa manya, mota za ta ƙara ƙarfi. Ni na je kasuwar kayan mota ta Apo na sayo, ya ɗaura a gabana, sannan ya cire birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya tafi da shi don ya yi masa saiti. Yau sati uku ke nan. Na ba shi dubu 60 cikin dubu 100, ya ce sai na cika zai dawo da shi. In kai shi wurin 'yan sanda?

Amsa: Malam, ajiye maganar 'yan sanda tukuna. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma idan ka sa aka tsare shi, yana iya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi. Kada ka je neman birenbos, ka dawo da biyan diyya.

Magana biyu ce a wasiƙarka, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Birenbos ne inda kake da ƙarfi. Gaskiya doka ta yarda mai sana'a ya riƙe kayan da ya gyara har a biya shi ladansa, amma wannan haƙƙi na wanda ya gama aiki ne, sai fa in kun yi da shi cewa kuɗi ne a gaba. Naka bai gama ba, motar na nan a ajiye. Kuma muddin kayan na hannunsa, in ya ɓata ko ya ƙone, shi zai yi bayanin cewa ba sakacinsa ba ne. Fiƙihunmu na Malikiyya ma haka ya tafi: Risala ta ce masu sana'a su ke da lamunin abin da suka keɓe da shi ba a idon mai shi ba, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Wannan zai yi maka amfani idan ku duka Musulmi ne kuka je kotun yanki.

Nozul kuwa, a nan zai kama ka. Zai ce kai ka sayo, a gidanka aka ɗaura, kana tsaye. Amsarka ita ce shawararsa ka bi, kuma duk bakaniken da ya san aikinsa ya san cewa nozul da ya fi ƙarfin inji, in saiti bai dace da shi ba, mai zai riƙa ambaliya: baƙin hayaƙi, fulogi su jiƙe, fetur ya gangara cikin baƙin mai. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka haƙƙin samun aiki mai inganci, in ba a yi ba a gyara ko a mayar maka da wani kaso na kuɗinka. Sai dai wa ya ji lokacin da ya ba da shawarar? In ta WhatsApp ce, kada ka goge ko harafi ɗaya, ka haɗa da shaidar tura kuɗi da rasit ɗin Apo. Tsofaffin nozul ɗin ma ka adana su.

Kada ka bari wani ya taɓa injin kafin bakanike na biyu ya duba, ya rubuta abin da ya gani, ka ɗauki hotuna. Na sha ganin ƙara mai kyau ta mutu saboda hannu uku sun shiga mota, aka rasa wanda ya ɓata.

Daga nan ka rubuta masa takarda, ka ba shi kwana bakwai ya dawo da kayanka ya tayar da mota, ko ya mayar da kuɗi. In yana da ƙungiya a garejinsu, kai wa shugabanninsu kwafi. Sau da yawa kunyarsu ta fi sammaci saurin aiki. In ya ƙi, akwai hukumar kare masu saye ta FCCPC a nan Abuja, ko kotun majistare, inda za ka nemi birenbos ko kuɗinsa tare da asararka. Doka ta ba ka shekara shida kan irin wannan yarjejeniya, amma bakaniken da ba shi da gareji tsayayye ba ya jiran shekara shida. Tun yau ka gano inda yake kwana, domin can za a kai masa sammaci.