Yaya na'ura ke gane dutsen da zai rufto a cikin rami?

Tambaya: Malam, na ji an ce a wasu ƙasashe mutum-mutumi ake turawa ramin haƙar ma'adinai ya gano inda dutse zai rufto. Yaya ƙarfe zai san abin da bai faru ba tukuna? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Malam, ba duba yake yi ba. Ka taɓa ganin mace tana ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya? Mai lafiya amonta garau, mai tsaga kuwa muryarta a dushe. Haka mahaƙa suka daɗe suna yi: bayan an fasa dutse da nakiya, sai mutum ya shiga da doguwar sandar ƙarfe yana bugun rufin rami. Inda ya ji amo kamar na ganga, dutsen ya rabu da uwarsa. Matsalar ita ce mai bugun yana tsaye ne a ƙarƙashin abin da yake gwadawa.

Shi ya sa cibiyar bincike ta CSIR a Afirka ta Kudu ta ƙera na'urar da ke sauraron amon nan ta tantance shi. Amma dabarar da ta fi burge ni ta zafi ce. A mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke can Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, zafin dutse yakan kai digiri 60, dole ake hura iska mai sanyi. Dutsen da ke manne yana ci gaba da samun zafi daga cikin ƙasa, wanda ya tsage kuwa iskar kan sanyaya shi. Idan aka ɗora kyamarar zafi a kan ƙaramar mota mai sarrafa kanta, sai ɓangaren da ya saki ya fito a hoto da launi daban, tun ido bai ga tsagar ba.

Akwai kuma jirage marasa matuƙi, irin masu ɗauke da na'urar zana taswira mai suna Hovermap ta kamfanin Emesent na Ostareliya. GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam, ba ya aiki a ƙarƙashin ƙasa, don haka da hasken leza suke auna bango suna zana taswira. A kwatanta taswirar yau da ta makon jiya, inda rufi ya sauko sai ya bayyana.

Sai dai kada a zuzuta. Ƙura da danshi suna rikita na'urorin nan, kuma a rami mai zurfi dutse kan fashe farat ɗaya saboda nauyin da ke kansa. Ko na'ura ta nuna wurin, sai an zo an ɓanɓare dutsen, an kafa ƙusoshin ƙarfe da raga, kafin a ce ma'aikata su shiga.