Tambaya da Amsa: Bindiga a cikin tirela daga Texas zuwa New Jersey, dokar wa za a bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne a Houston, ina da katin zama na dindindin amma ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Na sayi ƙaramar bindiga ta halal, na kuma karɓi lasisin ɗaukarta na jihar Texas, saboda muna kwana a wuraren da ba tsaro. Yanzu kamfani ya fara ba ni lodi zuwa Newark. Wani abokin aikina ya ce akwai dokar tarayya da ta ba ni damar ajiye ta a mota ko'ina a Amurka, kuma dokar tarayya ta fi ta jiha ƙarfi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dokar da abokinka yake nufi tana nan, amma ba ta kai faɗin da ya ba ta ba, kuma a tafiyar Newark ba za ta amfane ka da komai ba. Ka bar bindigar a gida.

Dokar ta fito ne a 1986, sashe na 926A na kundin laifukan tarayya. Abin da ta ce shi ne, wanda ya taso daga inda aka halatta masa riƙe bindiga, zai kuma je inda aka halatta masa, yana iya ratsa jihohin da ke tsakani ko da dokokinsu sun hana. Amma da sharuɗɗa. Dole a cire harsasai, kuma kada bindigar ko harsasan su kasance inda hannun wanda ke cikin motar zai kai gare su cikin sauƙi. A ƙaramar mota wannan na nufin but. A motar da ba ta da but, kamar kan tirela, sai an kulle su a akwati mai makulli, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa aljihun gaban mota da akwatin da ke tsakanin kujeru ba sa cikin lissafi. Ka ga ke nan tun daga nan amfanin da ka saye ta dominsa ya tafi, domin bindigar da ba harsashi a ciki, tana kulle a akwati, ba za ta cece ka da tsakar dare ba.

Babbar matsalarka ita ce ƙarshen tafiyar. Dokar ta kare mai wucewa ne kawai. Kai kuwa Newark za ka sauke kaya, wato New Jersey ce inda ka nufa, kuma New Jersey ba ta amincewa da lasisin kowace jiha sai nata. Haka ma New York. A hanyar da direbobi suka saba bi, ta Louisiana da Mississippi da Alabama da Tennessee da Virginia, lasisin Texas yana aiki. Amma babbar hanya mai lamba 81 tana ratsa Maryland na kimanin mil 12, kuma Maryland ma ba ta san da lasisinka ba. Bindigar da take halal a ƙugunka a West Virginia ta zama laifi cikin ƴan mintuna, sai dai in ka tsaya ka cire harsasai ka kulle ta kafin ka tsallaka iyaka.

A Oktoban 2013 ƴan sanda suka tsayar da wata mata mai suna Shaneen Allen, ƴar Philadelphia, a New Jersey kan ƙaramin laifin tuƙi. Ita da bakinta ta gaya wa ɗan sandan tana da bindiga da lasisin Pennsylvania, don a zatonta abin da ya kamata ke nan. Aka kama ta, ta yi makonni a tsare, tana fuskantar ɗaurin shekara uku da rabi wanda dokar jihar ta wajabta. Sai da maganar ta yi ƙamari a kafafen labarai aka sassauta mata, daga baya Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Ita ƴar ƙasa ce.

Ko a tafiyar da ratsawa kawai za ka yi, akwai wani tarko da ya fi kama direbobin manyan motoci. A 2005 wani mutumin Utah, Gregg Revell, ya rasa jirgin da zai ɗauke shi daga Newark zuwa Pennsylvania, ya karɓi jakarsa mai bindiga a kulle ya kwana a otal. Da safe da ya bayyana ta a filin jirgi aka kama shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da yankin ta yanke a 2010 cewa kariyar dokar 1986 ba ta hau kansa ba, tunda a daren nan bindigar tana inda zai iya kai hannu gare ta. To kai ka san ƙa'idar aikinku: bayan awa 11 na tuƙi dole ka huta awa 10, kuma a cikin kan motar kake kwana. Lauyan gwamnati ba zai sha wahala ba wajen cewa ka daina wucewa, ka sauka. Sannan a aikace ɗan sandan New York ko New Jersey ba ya zama a bakin titi yana nazarin dokar tarayya. Kama ka zai yi, hujjar taka kuma ka kai wa alƙali, bayan ka kwana a sel, an ja motar, lodin mutane ya makara.

Saɓanin yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, inda jiha ta sake maka amma tarayya ta ɗaure. Tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta halatta ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, amma dokar tarayya ta hana bindiga cikin tazarar ƙafa 1,000 daga harabar makaranta, sai ga mai lasisin jihar da makarantar take, ko wanda ya cire harsasai ya kulle ta. Lasisinka ya raba ka da wannan a Texas. A wata jihar kuwa, ko da ta amince da lasisin naka, kalmomin dokar ba su ba ka wannan kariya ba. Harabar gidan waya, har da filin ajiye motoci, ƙa'idar tarayya ta hana shiga da bindiga, kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2015, duk da cewa wasu alƙalan ƙananan kotuna sun fara saɓa mata a baya-bayan nan. Barikin soja kuwa, idan lodi ya kai ka, a ƙofa ake bincike.

Zancen da ake yawan yi a tashoshin manyan motoci cewa hukumar sufuri ta tarayya ta hana direbobi bindiga ba shi da tushe. Wanda ya kan hana shi ne kamfani. Texas tana da dokar 2011 da ta hana mai aiki korar ma'aikaci don ya kulle bindiga a motarsa ta kansa a filin ajiye motocin wurin aiki, amma ba ta shafi motar kamfani ba. Ka duba takardar ɗaukarka aiki.

Abin da ya sa na fara da cewa ka bar ta a gida shi ne katin da ke aljihunka. Mai katin zama na dindindin yana da ikon mallakar bindiga, saɓanin wanda ba shi da takardu, ko mai bizar karatu ko ta ziyara, waɗanda dokar tarayya ta hana sai da ƴan togace-togace kamar lasisin farauta. Sai dai dokar shige da fice ta ce duk baƙon da kotu ta samu da laifin riƙe ko ɗaukar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ko dokar jiha ce ya karya, ana iya korarsa daga ƙasar. Ba sai laifin ya yi girma ba. Abokinka in ɗan ƙasa ne, mafi munin abin da zai same shi shi ne ɗauri da rasa aiki. Kai kuwa kana iya gama ɗaurin ka tarar jami'an shige da fice suna jiranka a bakin gidan yari.

Idan ka bar ta, ka kulle ta a akwatin ƙarfe a cikin gida. Kada ka bar ta a ƙaramar motarka a garejin kamfani na tsawon mako, domin daga cikin motoci ɓarayi suke kwasar bindigogi masu yawa a biranen Amurka, kuma fasa gilashi ba ya ɗaukarsu minti guda. In kuma ƙaddara ta sa an taɓa kama ka da ita a wata jiha, kada ka amsa laifi, komai sauƙin tayin da lauyan gwamnati ya yi maka, sai lauyan shige da fice ya karanta takardar.