Famfon asma biyu aka rubuta wa ɗana: an gwada su kuwa kafin a ba yara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni uwa ce daga Tahoua. Ɗana shekararsa 9, yana fama da asma, ta fi tashi da hunturu. An rubuta masa famfon shaƙa biyu: shuɗi mai suna Ventoline, da mai ruwan ƙasa, beklometazon, na safe da dare. Shuɗin nan take yake sauƙaƙa masa, ɗayan kuwa ban ga abin da yake yi ba, sai na ajiye shi. Surukata kuma ta ce wanda ya saba da famfo ba ya rabuwa da shi, wai zuciya yake kashewa. Shin an gwada su kafin a ba yara, ko a kan ƴaƴanmu ake gwaji?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kafin komai ina roƙonki ki ɗauko wanda kika ajiye, ya ci gaba da shaƙa yadda aka rubuta. Wannan da kike ganin ba ya aiki, shi ne maganin ciwon.

Asma kumburi ce a cikin hanyoyin iska na huhu. Kumburin yana nan ko ranar da yaro yake wasansa lafiya lau. Idan ƙurar hunturu, ko hayaƙin icce, ko mura ta taɓa wurin, sai jijiyoyin naman da suka kewaye hanyar su tsuke, ki ji ƙirji yana fito. Salbutamol, wato abin da ke cikin Ventoline, waɗannan jijiyoyin yake sassautawa cikin ƴan mintoci, bayan awa huɗu zuwa shida aikinsa ya ƙare, kumburin kuma bai taɓa shi ba. Beklometazon shi ke kwantar da kumburin, sannu a hankali, sai an yi sati ɗaya zuwa biyu kafin a fara ganin bambanci. Amfaninsa tashin ciwon da bai zo ba ne, abin da bai zo ba kuwa ido ba ya ganinsa. Shi ya sa ba a auna irin wannan magani da "na sha na ji sauƙi". Sai an ƙirga.

Ga yadda ake ƙirgawa. Bayan gwajin ɗakin bincike da na dabbobi, ana fara ba manya ƴan kaɗan, a ga yadda jiki ke karɓa. Daga nan a nemi ma'aunin da ya dace. Sai babban gwaji: a tara masu asma ɗaruruwa ko dubbai da yardarsu, ko yardar iyaye in yara ne, a raba su da ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, wani kashin a ba su famfo mai kama da shi sak wanda babu magani a ciki, ko kuma tsohon maganin da aka sani. Mara lafiya bai san wanne ke hannunsa ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Dalili shi ne asma ciwo ce mai tafiya ta dawo da kanta. Yaron da aka fara wa wani jiƙo a ƙarshen watan Fabrairu zai iya samun sauƙi don hazo ya ɗauke, a yaba wa jiƙon. Ƙuri'a ce ke raba aikin magani da aikin yanayi. Ana auna yawan iskar da mutum zai iya hurowa cikin daƙiƙa ɗaya, ana rubuta dare nawa tari ya tashe shi, sau nawa aka ruga da shi asibiti, da duk wata illa da ta bayyana.

A kan yara masu shekarun ɗanki an yi wani gwaji da nake son ki sani. A Amurka da Kanada aka ɗauki yara 1,041 ƴan shekara 5 zuwa 12, aka bi su shekara huɗu zuwa shida, sakamakon ya fito a 2000. Waɗanda suka riƙa shaƙar budezonid, ɗan'uwan beklometazon, kwanciyarsu asibiti ta ragu da kashi 43 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu famfon da babu magani. Ba a tsaya nan ba, aka bi su har suka girma aka auna tsayinsu, sai aka tarar masu maganin sun gaza sauran da kimanin santimita 1.2. Ba zan ɓoye miki wannan ba, illa ce ta gaske. Amma ni a matsayina na likita, in aka ɗora mini santimita ɗaya a gefe guda, da daren da yaro zai kasa numfashi a ɗaya gefen, ba na jinkirin zaɓi. Sauran illolin ƙanana ne: dushewar murya da farin ƙurji a baki, kuma kurkure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa yana rage su sosai.

Maganar surukarki kuwa, kada ki watsar da ita duka, akwai tsohuwar gaskiya a ƙarƙashinta. A shekarun 1960 mace-macen matasa masu asma sun ƙaru a Ingila da Ostareliya, aka gano alaƙarsu da wani famfo mai ƙarfi na izofrenalin wanda yake bugun zuciya. Daga 1976 irin haka ta sake faruwa a New Zealand da wani mai suna fenoterol, har bincike ya nuna shi a 1989, aka taƙaita shi, mutuwar ta sauka. Waɗannan darussa ne suka sa ba a daina bibiyar magani bayan ya shiga kasuwa. Salbutamol kuwa yana hannun jama'a tun 1969, beklometazon na shaƙa tun 1972, dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba a kan ƴaƴanmu aka fara ba. Shuɗin yana iya sa rawar hannu da saurin bugun zuciya na ɗan lokaci, ya wuce. Ba ya kama jiki kamar taba ko tramol. Wanda aka ga kullum famfo na hannunsa, ciwonsa ne ba a kwantar ba. Haɗarin da aka tabbatar shi ne a dogara da shuɗin shi kaɗai, yana rufe alamar ciwo kumburi yana ci a ciki. Mai ƙarar da gwangwanin shuɗin guda uku ko fiye a shekara ya fi shiga haɗarin mummunan tashi. Wato abin da kike yi yanzu, Hajiya, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki.

Wani abu kuma: sakamakon gwaji na wanda maganin ya isa huhunsa ne. Yara da yawa a harshe da maƙogwaro feshin ke tsaya musu. Ki nemi bututun da ake haɗawa tsakanin famfo da baki a farmasi. In babu, ko ya yi tsada, gorar roba ta rabin lita tana yi. Likita Heather Zar ta gwada wannan a Cape Town ta Afirka ta Kudu kan yara 88, aka buga a 1999, gorar ta yi aiki daidai da bututun kanti. A huda gindinta daidai bakin famfon, ya shiga ba tare da iska na fita ba, a wanke da sabulun wanke kwano a bar ta ta bushe da kanta. A girgiza famfo, fesa ɗaya, yaro ya ja numfashi biyar ko shida ta bakin gorar, sannan a sake wata fesar. Kada a bar gwangwanin cikin rana ko cikin mota, kin san zafin Afrilu a Adar, kuma kada a saya wurin masu tallar magani a tire. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, don Allah a nisanta su da ɗakin da yake kwana.

Idan ciwon ya tashi har ya kasa ƙarasa magana, ko tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, ki ba shi shuɗin fesa huɗu zuwa goma ta gorar, ki maimaita bayan minti 20, kuna kan hanyar asibiti, ba a jira gari ya waye.

Ki samu ɗan littafi. Daga ranar da ya koma kan beklometazon, ki riƙa sa alama duk daren da tari ya tashe shi da duk ranar da ya nemi shuɗin. Bayan wata ɗaya ki kai wa likitansa littafin da famfunan biyu da gorar, yaron ya shaƙa a gabansa ya ga yadda yake yi. In alamomin sun ragu kuma ya yi wata uku lafiya, likitan zai iya rage ma'aunin. In har yanzu yana neman shuɗin fiye da sau biyu a sati, sai a duba shaƙar ko a sauya maganin.