Totur Bodi: A Wanke Ko A Sauya?

Tambaya: Motata tana karkarwa idan na tsaya a danja, wani lokaci har ta mutu. Makanike ya ce totur bodi ne, wai in sayi sabo. Dole ne?

Amsa: Malam, dakata tukuna da zaro kuɗi. A motocin yanzu babu wayar ƙarfe tsakanin ƙafarka da inji. Kana taka totur, sensa ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci wani ɗan injin lantarki ya buɗe faifan da ke bakin hanyar iskar da ke shiga inji; wannan faifan da gidan da yake ciki su ne totur bodi. Idan mota tana silo, 'yar kafa ce kawai faifan yake bari. Tururin baƙin mai da ke komawa ta wannan hanya yana daskarewa a gefen faifan, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, har ya rage kafar. Karkarwar da ka kwatanta sau da yawa daga nan take, kuma wanki yake so.

Amma a fara sa wa motar kwamfutar bincike, wadda ke fitar da lambar matsala. Lamba irin P2135 tana nufin sensoci biyu na matsayin faifan ba sa jituwa, P2111 faifan ya maƙale a buɗe, P2112 a rufe. Idan an wanke, an duba soket da wayoyi, lambar ta sake dawowa, ko motar tana ƙin jan gudu komai takawarka, to matsalar ta lantarki ce ko haƙoran da ke ciki sun cinye. A nan makanikenka yana da gaskiya, domin a yawancin motoci sensar a haɗe take da totur bodin, ba a sayar da ita ita kaɗai. Wanda ya ce maka "sauya" bai ko ciro bututun iska ya leƙa ba, ni dai ba zan ba shi kuɗina ba.

Tambaya: Zan iya wankewa da kaina?

Amsa: Za ka iya. Kashe mota, cire makulli da kan batir, don faifan yana iya datse yatsa idan wuta ta shiga. Nemi feshin da aka yi don totur bodi, domin na kafireta yana iya cinye rufin da wasu ke da shi. Fesa a tsumma mai laushi ka goge gefen faifan da bayansa, kada ruwan ya gangara wajen sensa, kada kuma ka banƙare faifan da ƙarfi. Idan ka kwance shi gaba ɗaya, sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗarsa da inji don kada iska ta zurara.

Bayan wanki silo yana iya hawa sama, saboda ƙwaƙwalwar ta saba da dattin, tana buɗe faifan fiye da kima. Sai an sake koya mata. Wasu motocin suna daidaita kansu bayan ɗan tuƙi, wasu, musamman na Nissan, suna da matakai na musamman ko sai da kwamfuta.

Tambaya daga wata mai mota: Sabo gangariya ya yi mini tsada. In ɗauki na hannu?

Amsa: Hajiya, na hannu na asali ya fi mini sabon jabu. Ki sa a gwada lambar da ke jikinsa da ta naki, a ƙirga haƙoran soket, kuma ki yi sharaɗi da mai sayarwa cewa zai karɓi abinsa idan wutar gargaɗin inji ta sake kamawa bayan an ɗaura.