Ku Tambayi Kawu: Yawon ƙafa a tsohuwar Akra

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema. Ƙanin maigidana zai zo daga Kano wata mai kamawa shi da yaransa biyu, tun yanzu ya dameni a WhatsApp wai sai na kaishi Jamestown yaga wannan doguwar hasumiyar mai ja da fari da yake gani a Facebook, kuma wai da ƙafa yakeso a zagaya ba a mota ba. Kawu ni haifaffiyar Nima ce amma wallahi iyakata Makola da Tudu, in sayi atamfa in kamo hanyar gida. Banaso inji kunya gaban baƙo. Daga ina zamu fara, kuma ba matsala da yara?
Wata uwa, Nima

AMSA: Wa alaikissalam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai bace, rabin mutanen zango haka suke, bature zai taso tun daga Jamus yazo yaga wurin mu kuma kuɗin trotro ɗaya ya gagare mu.

Ku fito da sassafe, kafin takwas kuna can, dan ranar bakin teku in ta ɗago ba'a magana kuma hanyar babu inuwar kirki. Ku hau motar da zata ajiyeku Tema Station, daga nan ku tako zuwa filin tunawa da Kwame Nkrumah inda kabarinsa yake. Da can filin wasan folo ne na Turawa, a nan ya tsaya yayi shelar 'yancin kai daren shiga 6 ga Maris 1957. An gyara wurin an sake buɗewa a 2023, yara zasu so shi, amma kar ku daɗe, ba shine abun da kuka fito nema ba.

Daga nan High Street zaku miƙa yamma, teku na hagunku, ba kwana ba tambaya. Duka tafiyar har hasumiya bata kai kilomita 3 ba. Zaku wuce kotuna da bankuna da tsohon cocin Holy Trinity na 1894, sai kawai kiga gari ya canza miki, dogayen benaye sun ƙare an shiga tsofaffin gidaje masu baranda ta katako da kwano mai tsatsa, mata na wanki a ƙofar gida yara na buga ƙwallo a tsakiyar titi. To kin shigo Ga Mashie kenan, asalin Akra, unguwar ƙabilar Ga masu garin.

Na farko da zaku tarar shine Ussher Fort, tsohon sansanin Turawa mai ganuwa. Mutanen Holan suka gina shi a 1649, ya koma hannun Turawan Ingila a 1868. Gaba kaɗan, tafiyar da bata wuce minti goma ba, ga James Fort wanda Ingila ta gina a 1673. Ki lura da wannan kusancin, dan shine ya raba unguwar gida biyu, masu zaman ƙarƙashin bindigar Holan su ne Ussher Town, na ƙarƙashin Ingila su ne Jamestown, can gabas kuma Denmak na Osu da nasu. Gari ɗaya Turawa kala uku kowa da nasa tutar, kuma abun da ya tara su zinariya ne da bayi. Daga baya Ussher Fort da James Fort duka biyun suka zama gidan yari. A James Fort aka kulle Nkrumah a 1950, yana cikin kaso yaci zaɓe a Fabrairun 1951, dole Gwamna Arden-Clarke ya sa aka buɗe masa ƙofa yazo ya kafa gwamnati. Har 2008 akwai fursunoni a ciki. UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya tun 1979, amma in kin ga yadda bango ke zubewa sai ranki ya ɓaci, ni dai banga alamar ana ji da su ba.

Hasumiyar da surukinki ke nema tana daf da James Fort. Ta farko an yi ta a 1871, wannan da ke tsaye ta shekarun 1930 ce, tsayinta mita 28. Wani lokaci ana bari a hau wani lokaci ki tarar a kulle, dan haka kar kiyi wa yara alƙawari tun daga gida. In an samu an hau, daga sama ne zaki gane dalilin garin: kafin a buɗe tashar Tema a 1962 manyan jirage basa iya matsowa gaɓa, can cikin teku suke tsayawa, masu kwalekwale su yi ta jigilar koko da siminti har da fasinja suna kokawa da igiyar ruwa. A ƙasa kuma ga kwalekwalen masunta nan fal kowanne da tutarsa da rubutunsa, da sabuwar tashar kifi da China ta gina aka buɗe a 2024. Kar kuje ranar Talata in kunaso kuga ana sauke kifi, masuntan Ga basa shiga teku ranar, gyaran raga sukeyi. Asabar kuma ranar jana'iza ce, sai ki tarar an kafa kanofi an toshe layi gaba ɗaya ana kiɗa.

In da sauran ƙarfi ku kutsa ciki zuwa Bukom. Mutumin Kano ai ba sai an gaya masa daɗin dambe ba. Wannan 'yar unguwar da kewayenta ita ta fitar da D.K. Poison da ya fara ciyo wa Ghana kambun duniya a 1975, da Azumah Nelson da Ike Quartey da Joshua Clottey. Da yamma ake samun yara na atisaye a wuraren horo, wasu ko rufi babu.

Maganar tsaro, da rana ba komai, ki riƙe jakarki da wayarki kamar yadda kike yi a Makola, yara kuma kar su kusanci ruwa ko da wasa, tekun nan yana ja. Takalmi mara tsini, ruwa, da canji a hannu dan ba kowa ke karɓar momo ba.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni ɗalibi ne, munyi gardama da abokina, nace in nazo Akra hutu zan zagaya Jamestown yace ɓata lokaci ne, tarihin mutanen Ga ne da Turawa mu 'yan zango ba abun da ya haɗa mu da wurin, wai mu jiya jiya mukazo. Gaskiya ne?
Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi

AMSA: Ɗana, abokin nan naka kace masa Kawu yace ya ƙara karatu. Irin wannan maganar ce ke sa a raina mu, dan in kai da bakinka kace jiya kazo to wa zai ce maka a'a?

Ga yadda zakayi, in kazo kar ka fara daga bakin teku kamar yadda na gaya wa uwar can ta sama, kai ka fara daga cikin kasuwa. Ka tambayi Zongo Lane, wajen Okaishie kusa da Makola. Yau shagunan kayan lantarki da waya ne suka cinye wurin, ba abun da zai nuna maka komai, amma nan ne zangon farko na Akra, Zangon Malam. Malam Naino, bahaushe, shi ya nemi filin a hannun sarakunan Ga wajen 1881, kafin nan ma musulmi na zaune cikin Ussher Town a tsakiyar mutanen gari. Kayi lissafi da kanka, a 1877 aka ɗauko hedikwatar mulki daga Cape Coast aka kawo Akra, kaga kenan kusan tare muka fara da ita. Da wuri yayi ƙunci ga kuma rigimar limanci da shugabanci tsakanin Hausawa da Yarbawa da Fulani, ɗansa Malam Bako ya kwashi jama'arsa suka tsallake tafkin Korle suka kafa Sabon Zango wajen 1910, har gobe zuri'arsa ke sarauta a can. Nima da kowa ke ɗauka ita ce uwa, ƙanwa ce ta baya, sai shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya zauna a wurin da shanunsa.

Daga Zongo Lane ka gangara Cow Lane. A nan aka haifi babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu a 1919, cikin tsakiyar Akra, to wa yazo jiya?

Me ya kawo kakannin namu? Abu biyu manya. Na ɗaya soja: Kyaftin Glover ya ɗebi Hausawa a yaƙin da Ingila tayi da Asante a 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙona Kumasinku a cikinsa, da yawansu da aka gama basu koma ba, aka zuba su a aikin ɗan sanda da soja. Wannan ba abun alfahari bane duka, bature suka yi wa aiki, amma tarihi ne dole a faɗa. Na biyu goro. Fatake sun ɗau shekaru aru aru suna bin hanyar Gonja da jakuna, da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 sai 'yan kasuwa suka fantsama, wasu Kete Krachi wasu Kumasi wasu nan, goro kuma ya koma bin jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas.

Tunda na ambaci Salaga, a cikin Ussher Town akwai kasuwa mai wannan sunan har yau, ana sayar da kifi da tumatir da gawayi. Ka tsaya a wurin kayi tunani, dan mutane aka sayar a can da, waɗanda aka gangaro dasu daga arewa. Cikin waɗanda aka ɗaure akwai namu, cikin masu ɗaurewar ma akwai namu, wannan ɓangaren ne ba'a son faɗa a majalisa.

Sai Brazil House, a wani ɗan lungu tsakanin Ussher Fort da James Fort yana kallon teku. Gidan mutanen Tabom ne, bayin da suka sami 'yanci suka dawo daga Brazil a 1836, shekara ɗaya bayan boren da bayi musulmi sukayi a Bahia cikin watan azumi na 1835, wanda yawanci Yarbawa ne amma da Hausawa a ciki. Da yawa cikin waɗanda suka sauka nan musulmi ne, mutanen Otublohum, ɗaya daga unguwannin Ga, suka karɓe su suka basu fili, suka shahara a ɗinki da haƙar rijiya. Yanzu sun zama Ga sak, Azumah Nelson ma jininsu ne. Shugaba Lula na Brazil ya ziyarce su a 2005. Ka ɗauki hoto a ƙofar gidan ka tura wa abokin naka.

TAMBAYA: Kawu naje Jamestown da ƙawayena, ina ɗaga waya zan ɗauki masu bandar kifi sai wata mata ta hau ni da faɗa da yarensu, wasu samari kuma suka biyo mu wai sai mun biya kuɗin jagora. Abun ya bani haushi, ni ba baturiya ba.
Budurwa daga Madina

AMSA: 'Yata kiyi haƙuri amma matar nan ta fiki gaskiya. Ke in kina tuƙa tuwo a ƙofar gidanku da ɗaurin ƙirji wata baƙuwa tazo ba sallama ta saita miki waya, ya zakiji? Mutanen nan sun gaji, kullum ana ɗaukarsu ana yaɗawa a intanet da sunan talauci su basu ga ko sisi ba. Ki gaishe ta tukuna, da safe ojekoo ake cewa, ki sayi kifi ko na kaɗan ne, sannan ki tambaya. In tace a'a ki wuce. Gidan sarki da ɗakunan tsafinsu masu farin fenti kuma kar ki ɗauka sai an baki izini.

Samarin kuma ni shawarata ki ɗauki ɗaya, ya fi. Cikin lungunan nan baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma in kina tare da ɗan unguwa sauran zasu ƙyale ki. Amma ku yanke kuɗi da wuraren da zai kaiku tun kafin ku ɗaga ƙafa, biya kuma sai an gama.

TAMBAYA: Malam Kawu, ya halatta musulmi yaje wurin lokacin Homowo? Kuma me mutum zai ci a can hankali kwance?
Wani magidanci, Ashaiman

AMSA: Alhaji fatawa ba tawa bace, wannan ka kai wa malaminka. Abun da zan iya gaya maka shine me zaka tarar. A watan Agusta Ga Mashie ke yin nasu, biki ne na tuna yunwar da suka sha da yadda suka fita daga cikinta, sarakuna da manyan gida na zagayawa suna watsa kpokpoi, abincin masara da miyar manja, ana zuba giya a ƙasa wa kakanni, cunkoso kuma ba'a cewa komai. Kafin nan wajen Mayu zuwa Yuni akwai wata guda na hana kiɗa da hayaniya, wanda kaima ka sani tunda har lasifikar masallatai da coci yake shafa. In gine gine da tarihi kakeso ka gani to ba lokacin zuwa bane, ba zaka samu wurin tsayawa ba ma.

Abinci kuwa ka ci dokunu, wanda su ke kira komi, da soyayyen kifi da shito, nan ne gidansa kuma ba zaka samu kamarsa a Ashaiman ba. Kelewele ma ba laifi. Abu ɗaya zaka kiyaye: in kaga gasasshen nama yayi ja yana ƙamshi akace maka domedo ne, alade ne, kar ka ɗauka tsire ne. Naman miya ma ka tambaya kafin a zuba. In zuciyarka bata kwanta ba ka daure ka hauro Cow Lane ko Tudu, tafiyar minti ashirin ce, akwai masu waakye da tuwo namu, ga masallatai nan kayi azahar ɗinka kafin ka nemi motar gida.