Yadda ake auna wutar tsohon gini a Amurka

Malam, ka tambaya ko tsohon ginin ofis a Amurka zai iya samun shaidar tsimin makamashi ba tare da an sake gina shi ba. Ƙwarai kuwa zai iya, domin makamashin da ginin ke ci ake dubawa, ba shekarunsa ba.

Hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta samar da manhaja kyauta mai suna Portfolio Manager. A ciki za ka shigar da takardun kuɗin wuta da na gas na wata 12 a jere, da faɗin ginin, da yawan ma'aikata, da awoyin aiki a mako. Ita kuma manhajar ta kwatanta ginin da ire-irensa, tare da la'akari da yanayin garin, don kada a zalunci ginin jihar Arizona mai fama da zafi, ta ba shi maki daga 1 zuwa 100. Maki 50 tsaka-tsaki ne. Sai ya kai 75 kafin a nemi tambarin ENERGY STAR, wato shaidar tsimin makamashin, kuma dole injiniya ko mai zanen gini mai lasisi ya tabbatar da bayanan. Duk shekara ake sabuntawa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mitar wuta. Idan masu haya ke biyan wutarsu da kansu, fara bin takardunsu tun yanzu, don rabin lissafi ba ya karɓuwa.