Ga ƙanena mai son zuwa Japan da kyamararsa

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma duba hotunan hawan Daushe da ka haɗo da shi. Kana da ido, wannan ba yabon ɗan'uwa ba ne. Ka ce ka gama digiri, hotunan wuraren bautar Japan da ƙauyukanta da bukukuwanta da kake gani a Instagram sun hana ka sukuni, kana tambaya ko mutum zai iya zuwa ya rayu da ɗaukar su, da kuma ko ya dace musulmi ya shiga irin waɗannan wurare.

Ka zo, amma ta ƙofar karatu. Babu wanda zai ba ka takardar zama don ka ce kana son yawo da kyamara. Gwamnatin Japan tana da tallafin karatu na MEXT, ofishin jakadancinsu da ke Abuja yana sanar da shi duk shekara wajen Afrilu zuwa Mayu. Suna biyan kuɗin makaranta da tikitin jirgi, mai digiri na biyu kuma yana karɓar yen 144,000 a wata. Akwai kuma shirin tallafin karatu na ABE da aka sanar a 2013 domin matasan Afirka, hukumar JICA ta gwamnatin Japan ce ke tafiyar da shi. Ɗalibi, idan ya nemi izini, yana iya aikin awa 28 a mako. Aikin hoto na kuɗi kuwa, kafin ka karɓi ko yen ɗaya ka je ofishin shige da fice ka tabbatar izininka ya ƙunshe shi. Mutanen nan ba sa ɗaga ƙafa a kan takarda.

Hotunan da kake gani, yawancinsu a 'yan wurare ƙalilan ake ɗaukar su, kuma a 'yan mintoci ƙalilan na rana. Jajayen ƙofofin nan da suka jeru bisa dutse, Fushimi Inari ke nan a Kiyoto. Ba a rufe shi, ba a biyan kuɗin shiga, amma da hantsi ya ɗaga ba za ka ga komai ba sai ƙeyar mutane. Baƙin da suka shigo ƙasar a 2024 sun haura miliyan 36, kowa da wayarsa a hannu. A nan sallar asuba za ta yi maka rana. A watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe biyar, ka idar da salla ka fita, ka sami wurin da masu shara kawai. Wurin bautar Kiyomizu-dera ma, a Kiyoton, ƙarfe shida ake buɗe shi.

Sai dokoki, ka riƙe su da kyau. A Sanjusangen-do, inda gumaka 1001 suke jere, ba a ɗaukar hoto a ciki sam. A Ise, da ka hau matakalar babban ɗakin bautar sai ka mai da kyamara jaka. Wurare da dama sun hana kafa kyamara bisa ƙafafunta uku, saboda tana tare hanya tana kuma ɓata ƙasa. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto, muddin ya kai giram 100, sai da rajista tun 2022, kuma ko da rajistar ba ko'ina zai tashi ba. A unguwar Gion da ke Kiyoto, tun 2019 aka kafa allunan tarar yen 10,000 ga mai ɗaukar hoto a lungunan da ba na hukuma ba, domin baƙi sun addabi matan geisha, masu sana'ar kiɗa da rawar gargajiya, suna bin su da gudu, wasu har suna jan rigunansu. Ina goyon bayan mutanen unguwar ɗari bisa ɗari. Macen nan aiki za ta, ba ta fito don kyamarar kowa ba.

Ƙauyen da ka fi nanatawa, Shirakawa-go, yana lardin Gifu. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 1995, tare da Gokayama. Ka je, ya cancanci wahalar. Jinkar gidajen tana da kauri ƙwarai, an tsayar da ita a miƙe don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa, an ɗaure itatuwanta da igiya ba ƙusa. Hayaƙin murhun ƙasa yana ratsa benaye ya baƙanta katako, shi ke hana ƙwari cin sa, a saman nan kuma ake kiwon tsutsar siliki a da. Idan jinka ta tsufa bayan shekaru masu yawa, gayya ake kira, mutane su hau su baibaye ta tare. Abin da hoto ba ya nuna maka shi ne gidajen nan da mutane a cikinsu. Na tsaya kusa da wata tsohuwa tana tsinke ciyawa a bakin gonarta, sai ga wasu baƙi sun taka kunyar sun shiga har gindin tagarta suna leƙe. Ba ta ce uffan ba. Ta miƙe da ƙyar, ta shiga ta ja labule. Kada ka zama sanadin jan labulen kowa, ƙanena. Haska fitilu da ake yi a ƙauyen da hunturu, wanda ya fi kowane hoto yawo, yanzu sai wanda ya kama gurbi tun da wuri. Wuta kuwa ita ce babbar fargabarsu, kada ka kunna komai.

Manyan bukukuwa suna da ranakunsu: jerin gwanon Gion a 17 da 24 ga Yuli, Nebuta na Aomori daga 2 zuwa 7 ga Agusta, Takayama a 14 da 15 ga Afrilu sannan 9 da 10 ga Oktoba. Na Gion yakan faɗo daidai lokacin jarrabawar ƙarshen zango, ga zafi mai gumi. Ka gan su ko sau ɗaya ne, amma a can kai ɗaya ne cikin dubban masu kyamara, a bayan igiya.

Inda nake so ka sa ranka shi ne ƙananan garuruwa. Matasa sun tafi birni, tsofaffi sun rage, bukukuwan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna mutuwa don babu hannun da zai ja keken katako ko ya buga ganga. Bikin Somin-sai na Kokuseki-ji a lardin Iwate, wanda ake cewa ya haura shekara dubu, a Fabrairun 2024 aka yi shi na ƙarshe, masu shirya shi sun tsufa. Irinsa suna da yawa waɗanda jarida ba ta taɓa ambata ba. Mai hoto yana da amfani a irin wannan wuri, mutanen kuma sun san da haka. Sai dai ba a faɗa musu da ka. Kana zuwa tun ana shiri, ka nemi dattawan kwamitin, ka gaishe su da harshensu, ka miƙa ɗan tsaraba, ka faɗi makarantar da kake. Ka wanko hotunan hawan sallarka ka nuna musu, za su so ganin dawaki da rawuna, su kuma gane cewa ka san darajar biki. A wani gari na kan dutse haka na yi, wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni rumfar da ake koya wa yara sarewa da dare, ya nuna mini inda zan tsuguna ba tare da na tare kowa ba. Bayan biki na wanke hotunan na aika musu. Shekarar da ta biyo su suka kira ni. Hoton yara dai sai da yardar iyaye, kada ka ɗora fuskar kowa a intanet ba ka tambaya ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa da Turanci. A ƙauye Japananci kawai ake ji.

Batun addini, ga yadda nake yi. Ina shiga a matsayin baƙo mai kallo. Ba na rusuna wa gunki, ba na tafi, ba na jefa kwabo a akwatinsu, ba na ɗaukar ƙaramin ɗakin bautar da suke saɓawa a kafaɗa ranar biki, kuma babu wanda ya taɓa tilasta mini. Kyamarata ta fi karkata ga aikin kafintoci, da lambu, da fuskokin jama'a. Hukuncin hoton gumaka ka zauna da malaminka tun kana gida, ka zo da zuciya a natse. Ina cire takalmi inda suke cirewa, ina rage murya inda suke addu'a. A wurin biki za a miƙo maka giyar shinkafa don karramawa, ka ce addininka ya hana, cikin fara'a, sai su kawo shayi. Abincin rumfuna ka yi hattara, naman alade da giyar girki suna shiga miya da yawa, gara ka yi guzuri. Ka riƙa tafiya da ƙaramar darduma, don da ka bar birni masallaci ya yi nisa. Idan ka je Kobe ka ɗauki masallacinta, tun 1935 yake tsaye.

Kada ka sayar da komai naka don sayen sabuwar kyamara a gida. Kayan hannu a nan suna da kyau da sauƙi, akwai shagunan Map Camera a Shinjuku da Fujiya a Nakano, duk a Tokyo. Tikitin jirgin ƙasa na JR Pass na 'yan yawon buɗe ido ne, ɗalibi ba ya samu. Naka shi ne motar dare, da tikitin Seishun 18 na ƙananan jiragen ƙasa lokacin hutu.

Ka fara haddace hiragana da katakana, rubutun Japananci, tun yau, haruffa 46 ne kowanne. Ka rubuta tsarin binciken da za ka nemi tallafin karatun da shi, shafi biyu, ka turo mini in duba kafin Afrilu. Ka gaishe mini da Hajiya da Baba, ka kuma sanar da su wannan niyya da bakinka. Allah ya yi jagora.